Me ya sa alamar “Read-only” take komawa kan folda bayan an cire ta?

Tambaya: Na sake ɗora Windows a kwamfutata bayan ta sami matsala. Ayyukana duka suna cikin wata folda mai suna Ayyuka a ɓangaren D na faifan, kuma ban taɓa wannan ɓangaren ba lokacin ɗorawar. Yanzu ina iya buɗe takarduna in karanta, amma idan na yi gyara na zo adanawa sai Word ta ƙi. Da na duba Properties na foldar sai na ga akwatin Read-only, wato karatu kawai, a cike. Na cire, na danna OK, da na sake buɗewa na tarar ya koma yadda yake. Na yi haka ya fi sau goma. Yaya zan cire shi gaba ɗaya?

Amsa: Malam, akwatin nan da kake fama da shi ba zai taɓa zama fanko ba ko da ka cire shi sau ɗari, kuma cikarsa ba ita ce ta hana ka adana takardunka ba. Kafin ka ci gaba da karatu, ka ƙirƙiri sabuwar folda a fuskar kwamfutarka, wadda ba ka sa komai a cikinta ba tukuna, ka buɗe Properties ɗinta. Za ka ga akwatin a cike kamar yadda yake a kan Ayyuka, alhali kana iya zuba fayil a cikin sabuwar foldar, ka gyara shi, ka goge shi, ba tare da wata gardama ba. Saboda haka abin da ya faru a waɗannan gwaje-gwaje goma naka shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Windows tana da hanyoyi biyu mabambanta na hana rubutu a kan fayil, wato alama da izini, kuma an ajiye su a shafuka biyu na taga ɗaya, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka abu ɗaya ne. Akwatin da ka gani na alama ne, matsalarka kuwa, bisa ga yadda ka bayyana ta, kusan tabbas ta izini ce.

Alamar ita ce tsohuwa. Ta samo asali ne daga tsarin MS-DOS na farkon shekarun 1980, lokacin da kwamfutar tebur ba ta san wani abu wai shi mai amfani ba, balle ta tambayi kalmar sirri. A tsarin ajiyar fayil na wancan lokaci, wanda ake kira FAT, kowane fayil yana da 'yan alamomi da ake iya kunnawa ko kashewa kamar makunnin lantarki: akwai ta karatu kawai, akwai ta ɓoyewa, akwai wadda ke nuna fayil na tsarin kwamfuta ne, akwai kuma wadda manhajojin kwafin ajiya ke dubawa don su san ko an sauya fayil tun kwafin baya. Waɗannan alamomi suna nan har yau a Windows 11, da haruffansu na asali, R da H da S da A. Abin lura a kansu shi ne ba su san kowa ba. Idan an kunna R a kan fayil, ta shafi duk wanda ya zauna gaban kwamfutar daidai wa daida, kuma duk wanda ke da ikon taɓa fayil ɗin yana iya kashe ta da dannawa biyu.

A kan fayil, alamar tana aiki, amma aikinta ƙarami ne. Idan ka kunna ta a kan wata takarda, Word za ta buɗe takardar, ta rubuta a saman taga cewa ta karatu kawai ce, kuma idan ka zo adanawa za ta nemi ka ba ta wani suna dabam. Ba ta hana a sauya wa fayil ɗin suna, ba ta hana a ɗauke shi zuwa wata folda, kuma File Explorer, manhajar da ke nuna maka foldoji da fayiloli, tana jefa shi kwandon shara idan ka nemi haka. Amfaninta na gaskiya shi ne ta kare ka daga kuskuren hannunka, misali a kan takardar samfuri da kake buɗewa kullum kana cike ta da sababbin bayanai, wadda ba ka so wata rana ka danna adanawa a kanta cikin gaggawa ka shafe asalin.

A kan folda kuwa labarin ya sha bamban, kuma a nan ruɗanin yake. Windows ba ta ɗaukar alamar R da ke kan folda a matsayin hani ga zuba fayil a cikinta ko gyara abin da ke ciki. Da yake alamar tana zaune babu aikin yi, sai injiniyoyin Microsoft suka ba ta wani aiki dabam. Akwai wani ɓoyayyen fayil mai suna desktop.ini da ake ajiyewa a cikin wasu foldoji, wanda ke ɗauke da bayanin kamannin foldar: wane hoto za a nuna a madadin foldar rawaya da aka saba gani, da wane suna za a nuna wa mai amfani. Da a ce File Explorer za ta leƙa cikin kowace folda tana neman wannan fayil duk lokacin da ka buɗe taga, da aikin ya yi nauyi, musamman a wurin da ke da dubban foldoji ko a kan faifan da ake isa gare shi ta hanyar sadarwa. Sai aka tsara cewa ba za ta leƙa ba sai ta ga alamar R ko S a kan foldar. Ke nan R a kan folda tana nufin “duba ciki, akwai bayanin kamanni”. Wannan ne dalilin da foldojin Documents da Pictures da Downloads suke ɗauke da R na gaske, kuma kowa yana zuba musu fayiloli kullum ba tare da ya lura ba.

Akwatin da ke cikin Properties na folda ma ba ya nuna maka wannan alamar. Idan ka duba da kyau, a Windows 7 da waɗanda suka biyo bayanta an rubuta a gefensa da Turanci cewa yana shafar fayilolin da ke cikin foldar ne kaɗai. Akwatin yana da yanayi uku. Akwai fanko, akwai mai alamar maki, akwai kuma na uku, wanda a Windows 10 yake fitowa da ɗan murabba'i a tsakiya, a Windows 11 kuma da ɗan layi a kwance. Na ukun nan shi kake gani, kuma ma'anarsa ita ce “ba a zaɓi komai ba, a bar fayilolin yadda suke”. Windows ba ta bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya ta duba alamarsu kafin ta buɗe maka tagar, domin foldar da ke da fayil dubu hamsin za ta sa ka jira. Idan ka mai da akwatin fanko ka danna OK, umarni ka bayar cewa a kashe R a kan fayilolin ciki, kuma a lokacin ne take tambayarka ko a haɗa da ƙananan foldoji. Ta cika umarnin, ta rufe tagar. Da ka sake buɗewa, sai akwatin ya dawo yanayinsa na farawa yana jiran sabon umarni. A ganina wannan akwati yana cikin abubuwan da aka fi tsara su da kuskure a Windows, domin yana da kamannin abin da ke ba da rahoto, alhali maɓallin aiki ne, kuma shekara sama da ashirin yana sa mutane suna zargin ƙwayar cuta a kwamfutar da lafiyarta ƙalau.

Idan kana son ganin alamar ta gaskiya, ka buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta `attrib D:\Ayyuka` ka danna Enter. Idan harafin R ya fito kafin sunan foldar, tana ɗauke da alamar, idan bai fito ba, ba ta da ita. Umarnin `attrib -r D:\Ayyuka\* /s` kuma yana kashe R a kan dukkan fayilolin ciki har da na ƙananan foldoji, wato daidai abin da akwatin yake yi. Akwai 'yan tsofaffin manhajoji da ke duba alamar foldar da kansu su ƙi adanawa idan sun gan ta, kuma a irin wannan hali kaɗai nake ba da shawarar a cire ta daga kan foldar kanta. Word ba ta cikinsu. Kada kuma ka bi foldojin Windows irin su Documents kana cire musu R don tsafta, domin abin da za ka samu kawai shi ne hotonsu ya ɓace su koma foldar rawaya.

Izini kuwa ya zo ne da tsarin ajiya na NTFS, wanda Microsoft ta fitar tare da Windows NT a shekarar 1993, kuma shi ne tsarin da faifan cikin kwamfutarka yake amfani da shi. A NTFS kowane fayil da kowace folda suna ɗauke da jerin sunaye, kowane suna da abin da aka yarje masa ko aka hana shi. Wannan jerin shi ne kake gani a shafin Security, kusa da shafin General inda akwatin can yake. Matakan da ake nunawa a kan folda shida ne, amma uku ne za ka riƙa cin karo da su. Read & execute yana ba mutum damar buɗe fayil ya karanta ko ya kunna manhaja. Modify ya ƙara masa da rubutu da gyara da gogewa, kuma shi ne abin da mai aikin yau da kullum yake bukata. Full control ya ƙara da ikon sauya jerin kansa da karɓe mallakar fayil. Sunayen da ke cikin jerin suna iya zama na mutum ɗaya ko na rukuni, kamar Users da ya haɗa masu asusu a kwamfutar, da Administrators na masu gudanarwa, da SYSTEM wanda Windows ce da kanta. Idan kana cikin rukuni fiye da ɗaya, ana haɗa maka abin da kowane rukuni ya samu.

Ga inda nake ganin bakin zaren matsalarka yake. Windows ba ta gane asusu da sunan da ka ba shi. Duk lokacin da aka ƙirƙiri asusu a kwamfuta, ana ba shi wata doguwar lamba da ake kira SID, wadda take farawa da S-1-5-21, sai rukunin lambobi uku da aka samar wa wannan ɗorawar ta Windows ita kaɗai, sai 'yar lamba a ƙarshe kamar 1001. Wannan lambar ce ake rubutawa a jerin izini, sunan kuwa ana nuna maka shi ne don sauƙin karatu. Da ka sake ɗora Windows, tsohon asusunka ya tafi da lambarsa. Ko da ka ba sabon asusun suna iri ɗaya da kalmar sirri iri ɗaya, lambarsa sabuwa ce, kuma a wurin NTFS baƙo ne. Foldar Ayyuka da ke ɓangaren D ba ta san an yi wani sauyi ba, har yanzu tana riƙe da jerin da ke cewa mai tsohuwar lamba ne ke da cikakken iko. Ka buɗe shafin Security, ina kyautata zaton za ka ga wani layi da aka rubuta Account Unknown, da doguwar lamba a gefensa. Wannan kai ne na da. Idan kana son kwatantawa, umarnin `whoami /user` zai nuna maka lambarka ta yanzu. Kana iya karanta takardun ne saboda lambar rukunin Users iri ɗaya ce a kowace Windows, kuma da alama an ba rukunin izinin karatu a foldar, ba a ba shi na rubutu ba.

Za ka iya cewa ai kai ne mai gudanarwa, kuma ga Administrators nan a jerin da Full control. Haka ne, amma tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a farkon 2007, mai gudanarwa ba ya yawo da cikakken ikonsa. Idan ka shiga kwamfutar ana ba ka shaida biyu, ɗaya ta mai amfani na gama-gari, ɗaya ta mai gudanarwa, kuma duk manhajar da ka buɗe ta hanyar da aka saba tana tafiya ne da ta farkon. Ta biyun ba ta fitowa sai fuskar kwamfuta ta dushe an tambaye ka ko ka amince, ka danna Yes. Word tana aiki da shaidar farko, saboda haka layin Administrators bai amfane ta da komai ba, abin da ta gani shi ne izinin karatu na Users. An yi wannan tsari ne don kada kowace manhaja da ta shigo ta intanet ta sami ikon taɓa ko'ina a kwamfutar, kuma ba na goyon bayan a kashe shi. Haka kuma ba na goyon bayan buɗe Word a matsayin mai gudanarwa don kauce wa matsalar, domin za ta adana ɗin, amma jerin izinin yana nan a karkace, kuma gobe wata manhaja za ta ci karo da shi.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai tabbatar maka kafin ka sauya komai. Ka shiga cikin Ayyuka, ka danna linzamin dama a inda babu fayil, ka nufi New. A foldar da kake da izinin rubutu za ka ga jeri mai tsawo, da takardar rubutu da ta Word da sauransu. Idan Folder kaɗai ka gani, da 'yar garkuwa mai launin shuɗi da rawaya a gefenta, to asusunka ba shi da izinin ƙirƙirar fayil a wurin. Mai son cikakken bayani yana iya shiga Security, ya danna Advanced, ya buɗe shafin Effective Access, ya zaɓi asusunsa, Windows za ta lissafa masa abin da ya samu bayan an haɗa dukkan rukunonin da yake ciki.

Gyaran ba shi da tsawo. A shafin Security na foldar Ayyuka ka danna Edit, ka amince idan an tambaye ka, ka danna Add, ka rubuta sunan asusunka, ka danna Check Names har ka ga an ja layi a ƙarƙashinsa, sannan ka sa maki a Modify a ɓangaren Allow ka danna OK. Idan fayilolin suna da yawa za ka ga sunayensu suna wucewa da sauri a wata ƙaramar taga, ka bar ta ta gama, domin katse ta a tsakiya yana barin wasu fayiloli da sabon izini wasu da tsoho. Layin Account Unknown ba ya cutar da komai, kana iya barinsa, kana iya cire shi daga baya idan komai ya daidaita.

Idan Windows ta ƙi barinka ka sauya jerin, ko ta ce ba ka da ikon ganinsa ma, to sai an karɓi mallaka tukuna. Kowane fayil a NTFS yana da mai shi guda ɗaya, yawanci wanda ya ƙirƙire shi, kuma mai shi yana da ikon sauya jerin izini ko da sunansa ba ya ciki. Mai gudanarwa kuma yana da ikon karɓe mallakar kowane fayil, wanda shi ne ke hana a kulle folda kullewar da babu mai iya buɗewa. A tagar Advanced, can sama, akwai layin Owner da Change a gefensa. Ka sa sunanka, ka sa maki a akwatin da ke cewa a sauya mai shi har a kan ƙananan foldoji da fayiloli, ka danna OK, ka rufe dukkan tagogin, sannan ka sake buɗewa ka ba kanka Modify kamar yadda na bayyana. Mutane da yawa suna tsayawa a karɓar mallaka su yi mamakin har yanzu ba sa iya adanawa. Mallaka tana ba ka ikon rubuta sunanka a jerin ne kawai, rubutawar kuwa mataki ne na biyu.

Dalilin da sauyi ɗaya a kan Ayyuka yake isa ga duk abin da ke ƙarƙashinta shi ne gado. Fayil ko folda da aka ƙirƙira a cikin wata folda suna gadon jerin izinin uwar, kuma idan an sauya na uwar, sauyin yana gangarawa. Izinin da aka gada yana fitowa a dushe a shafin Security, ba ka iya cire makinsa a nan sai ka hau zuwa inda ya samo asali. Amma ana iya yanke gadon a kan wata folda, kuma wasu manhajoji suna yin haka da kansu. Idan bayan gyaran ka tarar yawancin takardu suna adanuwa amma wata ƙaramar folda ta ƙi, to gadonta a yanke yake. A tagar Advanced na Ayyuka, can ƙasa, akwai akwatin da ke maye gurbin izinin duk abin da ke ciki da wanda aka gada daga uwar. Yana magance wannan, amma yana shafe duk wani izini na musamman da aka taɓa sa wa wata folda a ciki, saboda haka idan akwai wadda ka taɓa keɓe wa kanka don kada sauran masu amfani da kwamfutar su buɗe, ka tuna za ta koma kamar sauran. Abin da ya danganci wannan shi ne bambancin kwafa da ɗaukewa: fayil da aka kwafa sabo ne a inda ya sauka, yana ɗaukar izinin wurin, wanda aka ɗauke daga folda zuwa folda a cikin ɓangare ɗaya na faifai kuwa yana iya tafiya da izininsa na asali. Shi ya sa wani lokaci kwafa folda zuwa sabon wuri yake warware matsalar da mutum ya kwana yana fama da ita, ba tare da ya san dalili ba.

Ɓangaren Deny da ke gefen Allow kuwa, ka nisance shi. Hani da aka sa kai tsaye a kan fayil yana rinjayar yarjewa, kuma yana bin rukuni. Wanda ya sa Deny a kan Everyone ko Users don ya hana wani buɗe foldarsa ya hana kansa, domin shi ma yana cikin waɗannan rukunoni. Hanyar hana mutum ita ce a cire sunansa da na rukuninsa daga jerin, domin a NTFS abin da ba a yarje ba an hana shi ke nan.

Duk wannan da na faɗa ka taƙaita shi a kan foldar ayyukanka. An taɓa kawo mini wata kwamfuta wadda mai ita ya sami irin matsalarka a folda ɗaya, ya ga cewa karɓar mallaka ta yi masa aiki, sai ya yanke shawarar ya huta gaba ɗaya. Ya danna linzamin dama a kan faifan C kansa, ya karɓi mallakar komai, ya sa maki a akwatin maye gurbin izini, ya bar ta tana aiki har tsawon dare. Da safe kwamfutar ta tashi, amma maɓallin Start ba ya buɗewa, wasu manhajojin Windows suna rufewa da zarar an danna su, sabuntawa kuma ta daina shiga. Na buɗe Security na foldar Windows na tarar da sunansa a matsayin mai ita, a wurin da TrustedInstaller ya kamata ya kasance, wato asusun da Windows ke amfani da shi wajen kula da fayilolinta tun zamanin Vista. Babu wani maɓalli da ke mayar da dubban jerin izini yadda suke a da, kuma abin da muka yi a ƙarshe shi ne muka kwashe takardunsa muka sake ɗora Windows. Garin neman gira ya rasa ido. Idan foldar Windows ko Program Files ko WindowsApps ta ƙi barinka ka rubuta a cikinta, aikinta take yi.

Idan ka yi gwajin New ka tarar kana iya ƙirƙirar fayil amma Word har yanzu tana ƙi, to hasashena bai yi daidai ba, sai a duba wasu wurare. Ɗaya daga cikinsu shi ne Controlled folder access, kariyar da aka ƙara wa Windows 10 a 2017 don daƙile manhajojin da ke kulle fayiloli su nemi fansa. Tana cikin Windows Security ƙarƙashin kariya daga ƙwayoyin cuta, a kashe take zuwa, amma idan an kunna ta tana hana manhajar da ba ta amince da ita ba rubutu a foldojin da aka kare, duk da cewa jerin izini daidai yake. Maganinta shi ne a ƙara manhajar cikin waɗanda aka amince da su. Akwai kuma takardar da aka sauke daga intanet ko ta zo ta imel, wadda Word ke buɗewa da zanen rawaya a sama har sai an danna Enable Editing, da takardar da wata manhaja ko wani mutum ke riƙe da ita a buɗe, wadda rufe ta a can yake sake ta.

Filashi da katin memori suna da nasu hukuncin. Yawancinsu suna zuwa da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su da izini kwata-kwata, shi ya sa ba ka ganin shafin Security a kansu. Idan irinsu suka ƙi karɓar rubutu, saƙon yakan ce faifan yana da kariyar rubutu, kuma abin dubawa na farko shi ne ɗan makullin da ke gefen katin SD. Filashin da ya tashi lalacewa ma yakan kulle kansa a karatu kawai, kuma wanda ya ga haka ya gaggauta kwashe abin da ke ciki. Faifan NTFS da aka jona a kwamfutar Mac kuwa ana karanta shi amma ba a rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja, wannan kuma ba laifin faifan ba ne.

Abu ɗaya nake so ka duba kafin ka taɓa jerin izinin. Ka buɗe Properties na wasu daga cikin fayilolin da ka fi ji da su, a shafin General ka danna Advanced, ka ga ko akwai maki a akwatin Encrypt contents to secure data, wanda ke rufe abin da ke cikin fayil ta yadda sai da mabuɗi ake karanta shi. Irin waɗannan fayiloli sukan fito da ɗan kwaɗo a kan hotonsu, a tsofaffin Windows kuma sunansu yakan zama kore. Mabuɗinsu yana cikin tsohon asusunka, kuma karɓar mallaka ko ba da Full control ba ya buɗe su. Tunda ka ce kana iya karanta takardunka, waɗanda ka buɗe ba sa cikin wannan hali, amma idan ka ci karo da wasu masu kwaɗo da suka ƙi buɗuwa, kada ka goge su, kuma kada ka goge foldar Windows.old idan tana nan a faifan C, domin tsohon asusun yana iya kasancewa a cikinta, kuma Windows takan share ta da kanta bayan 'yan kwanaki. Ka kwafe ta zuwa wani faifai na waje, ka kwafe Ayyuka ma tare da ita, sannan ka koma shafin Security ka ƙara sunanka.